Tsohon Kati a Cikin Samira

Sallau, mayar da wayar nan aljihu, na ga hoton. Katin yana da kyau, ban musa ba, ban kuma ce kada ka saya ba. Abin da ya sosa mini rai shi ne da ka kira na cikin kwamfutarka tarkace. Wai tarkace. Gyara zama in ba ka wani misali.

An yi wani mutum mai gidan gem a bakin kasuwa, inda samari da magidanta ke zuwa buga ƙwallo a kwamfuta. A cikin kwamfutar akwai katin hoto, shi ne ke zana duk abin da ido ke gani a allo, daga 'yan wasa har ciyawa da raga. Nasa tsoho ne mai fanka ɗaya, in ya ɗau zafi sai ya riƙa gurnani, amma bai taɓa ba shi kunya ba. Da shi ya yi aure, da shi ya yi suna, da shi ake ɗora tukunya a gidansa. Ana nan sai wani ya buɗe irin shagon a tsallaken titi, da kaya sababbi fil. Mutumin ya leƙa, ya ga har gumin goshin ɗan ƙwallo ana gani a allo, sai ransa ya biya. Ya tattara ɗan abin da ya tara ya sayo sabon kati, jibgege mai fanka uku, da ƙyar ya shiga akwatin kwamfutar. A faɗi gaskiya, hoto ya fito tangaran. Tsohon kuwa ya kai shi gida ya yar a tsakar gida, ya ce wa maiɗakinsa in 'yan jari-bola sun wuce ta ba su, ko bokitin roba ta samu.

Abin da bai auna ba shi ne cin wuta. Sabon katin acici ne, abin da yake zuƙa ya ninka na tsohon. Da yake lokacin wuta na zama, bai lura ba.

To dama ya shirya gasar Sallah tsakanin unguwanni, wasan ƙarshe ya faɗo washegarin Sallah bayan la'asar. Maƙwabcin nan na tsallaken titi ya so a kai wasan shagonsa, shugabannin 'yan wasa suka ce a'a, inda aka fara nan za a ƙare. Shago ya cika maƙil, wasu har bakin titi suna ɗaga wuya. Ana tsakiyar wasa sai aka ɗauke wuta. Ya ja ɗan ƙaramin janaretansa, kwamfuta ta tashi, fili ya bayyana, fankokin nan uku suka ɗauka, janareta ya yi tari sau biyu, ɗif. Ya kashe firji, ya kashe fankar sama, ya cire ƙwan fitila, ya sake ja. Ɗif. Mutane suka fara tsaki. Ga maƙwabci can a ƙofar shagonsa, babban janareta na ruri a bayansa, yana murmushi abinsa. Shugabannin suka ce za su yi masa kara zuwa kiran magariba, in bai gyaru ba su tsallaka. Shi kuwa ya san duk wanda ya tsallaka titin nan a ranar ba zai dawo ba, kuma shagon shi ne abincinsa.

Ya hau babur ya nufi gida, ba don yana sa rai ba, sai don ya tambayi matar wane ɗan jari-bola ne ya ɗauka, ko Allah zai sa bai fasa shi ba. Ya tarar da ita cikin baƙin Sallah. Tana jin tambayarsa sai ta miƙe. Ta shiga ɗaki, ta sauko da wata samira daga can saman jerenta, ta buɗe murfi. Ga kati nan naɗe a tsohon ɗankwali, ko ƙura bai yi ba. Ta miƙa masa ta ce, "Abin da ya ciyar da mu shekara da shekaru, ni ba zan musanya shi da bokiti ba."

Bawan Allah ya karɓa da hannu biyu. Kunya ta kama shi, daɗi ya rufe shi, ƙwalla ta cika masa ido a gaban baƙi. Abin da ya iya cewa kawai shi ne Allah ya saka mata da alheri.

Ya koma ya zare sabon, ya soka tsohon. Janareta ya ɗauka lafiya lau, har aka kunna fankar sama. Babu gumi a goshin kowa, ciyawa ta koma shafe ɗaya, amma ƙwallo na gudu sumul ba sarƙewa. Da aka zura ƙwallon nasara, ihu har cikin kasuwa, kuma babu mahaluƙin da ya tambayi ina inuwar ciyawa. Ladan bai kira magariba ba sai da aka miƙa kofi.

Daga baya da hali ya samu ya sayi babban janareta, ya mayar da sabon katin, don akwai wasannin zamani masu nauyi da tsohon ba zai iya ja ba. Tsohon ya saka shi a kwamfuta ta biyu, yana nan yana gurnaninsa yana kawo na cefane. Duk wanda ya yaba shagon, sai ya ce a gode wa Allah, a gode wa mai samira.

To ka ji, Sallau. In wutarka za ta iya ciyar da sabo, saya, Allah ya sa albarka. Amma na hannunka, ka goge masa ƙura ka adana shi, don bai yi maka laifin komai ba. Ba banza ba Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani.