Turancin Mai Fanka

Wayar ta yi ƙara a aljihunsa yana bisa tsani, rungume da fankar wani. Ko sukurun ƙarshe bai ɗaure ba ya diro, ya goge hannu a wando, ya buɗe saƙon.

Kalmar yau: *procrastination*. Ma'anarta: ɗage abin da ya kamata a yi yau zuwa gobe, goben ma a ce jibi.

Ya karanta sau uku, harshensa na tuntuɓe, sannan ya fashe da dariya shi kaɗai. Mutum ɗan shekara hamsin da biyu, furfura har a gira, amma ya koma shago yana rangaji kamar wanda aka yi wa bushara.

Mai Fanka ake ce masa, don shekara talatin ke nan yana gyaran fanka a shago ɗaya. Matarsa ta rasu shekara shida baya. A tsallaken titi, daidai saitin ƙofarsa, akwai kemis, mai kemis ɗin kuwa bazawara ce mai gilashi da wushirya. Wata takwas ya yi yana sayen maganin ciwon kai, alhali kansa lafiya lau. Aljihun teburinsa har ba ya rufuwa.

Yayarsa ce ta harbo jirginsa. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta ce matar nan in babu masu saye littattafan Turanci take karantawa, masu kauri kamar bulo, shi kuwa Turancinsa ko ruwa ba zai saya masa ba. Bayan kwana biyu ta kawo masa lambar wani malami mai koyar da manyan kalmomi ta waya, ɗaya kowace safiya. Sharaɗinsa ɗaya ne: saƙo kawai, ban da kira.

Abin ya shiga jikinsa. Saƙon yakan iso wajen ƙarfe goma, in layin masu sayen maganin safe ya watse titi ya yi tsit. Sai ya kwafe kalmar da ma'anarta a bayan kwalin kayan gyara, ya wuni yana tauna ta. Fankar da ta ƙi juyawa ya zage ta da kalma mai gaɓa huɗu. Maƙwabcinsa mai faci ya ce tunda Turanci ya zo, a ƙara masa girma, a riƙa ce masa Farfesan Iska.

Bai sha wahalar gano malamin ba. Akwai wani tsohon hedimasta da ke zama a bencin ƙofar kemis kullum, da jarida a hannu. Mai Fanka ya fara gaishe shi har da rusunawa, yana kashe masa ido. Rannan ya raɗa masa cewa kalmar jiya ta yi daɗi. Tsohon ya dube shi ta saman jarida, ya matsa can ƙarshen benci. Mai Fanka ya jinjina kai: malamin ƙwarai ke nan, ba ya son a yabe shi.

Ga malam da ido. Ranar da Mai Fanka ya wuni yana tari, kalmar da ta zo washegari tana nufin mai taurin kan da ba ya jin shawara. Wani misalin kuma cewa ya yi: mutumin da ya tsallaka titi sau ɗari bai faɗi abin da ya kawo shi ba.

Wannan ta soke shi. A ranar ya rubuta wa malam komai, tun daga wushiryar har aljihun tebur. Ya ce yana tsoron ta yi masa dariya, ya rasa ko da gaisuwar da yake samu. Amsa ta daɗe ba ta zo ba. Da ta zo, kalma ɗaya ce: *audacity*, ƙarfin halin tunkarar abin da ake tsoro.

Sati guda suka yi suna gina jimla ɗaya. Malam ya gyara ta sau huɗu. Kalmar da Mai Fanka ya zaɓa don yabon kyanta, malam ya ce ta yi ƙanƙanta ƙwarai, ya ba shi wata mai nufin kyan da ke ɗauke numfashi.

Ran Asabar ya yi aski, ya sa sabuwar riga, ya fesa turare har mai faci ya yi atishawa. Ya tsallaka titi yana jin kamar ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. Benci babu kowa. Mai kemis tana sanye da farar rigar aiki, tana jera kwalabe.

"Kan ne kuma yau?" ta tambaya.

"A'a, Hajiya. Yau magana ce."

Ta ajiye kwalba, ta yi tagumi a kan teburin kemis. Ya gyara murya ya fara. Rabin farko ya fita sumul, kamar sabuwar fanka. Yana isa kan babbar kalmar nan ta yabo, sai ta ɓace ɓat. Ya laluba, babu. Gumi ya keto masa. Ita kuwa tana kallonsa, tana cije leɓe.

"Minti ɗaya," ya ce.

Ya juya mata baya, ya zaro waya. Sharaɗi ko ba sharaɗi, yau malam sai ya yi haƙuri. Ya danna kira, ya kara a kunne, yana leƙen titi ko zai hango tsohon.

A bayansa wata waya ta fara ruri cikin aljihun farar riga, aka ɗauka, sai ya ji murya ɗaya a kunnensa da kuma bayansa, tana danne dariya: "*Ravishing* ce, ɗalibina. Ci gaba, sati guda ke nan ina jiran in ji ta daga bakinka."