Ranar da Araksi Ta Buɗe Baki

A ƙauyensu na Armeniya, matar ɗa ba ta magana gaban surukinta, bakinta ma a rufe yake da ɗankwali. Shekara biyu bayan yaƙi, Gurgen ya zo neman auren Araksi, wadda mijinta ya mutu a fagen daga, ya bar ta a gidan ubansa.

Surukinta ya kalli hannun rigar Gurgen yana reto, babu hannu a ciki.

"Da hannu ɗaya za ka yi noma a gonar gwamnatin kwaminis? Na hana."

Gurgen ya sunkuyar da kai. Araksi ta dube shi, ta fizge ɗankwalin daga bakinta.

"Baba, tun da aka kwashe shanu lokacin yaƙi, ni nake jan garma. Ya riƙe, zan ja."

Sai ranar tsohon ya fara jin muryarta.