Makaɗin da Ya Ɓoye Lagonsa

Ka ce wuyanka lafiya lau, alhali tun da ka shigo da jiki ɗungurungum kake juyowa ka gaishe ni. To, tunda kun mai da ni mai shaci-faɗi a unguwar nan, ni da ake tasowa daga nesa don a ji misali a bakina, gyara zama ka ji wannan.

An yi wani makaɗin kalangu wanda mahautan garinsu ba sa sa ranar biki sai sun ji yana gari. Shekara da shekaru igiyar kalangu na rataye a kafaɗarsa ta hagu, hammata na matse tsarkiya, kai a karkace yana sauraron abin da fata ke faɗi. Rannan ya wayi gari wuya ya ƙage, ciwo ya taso daga ƙeya ya bi bayan kunne ya tare a ido. Ga bikin ɗan Sarkin Pawa ya matso, har an aiko masa da goro. Ga kuma wani makaɗi, tsohon almajirinsa a kiɗa da ya yi ƙarfi ya ɓalle, yana ta shawagi a mahauta yana gaishe da mutane fiye da kima. Mutumin naka ya haɗa wannan da wancan, ya ce ba sai an buga ƙasa ba, jifa ce. Ya daina cin tsiren kyauta. Ya daina barin kalangu a zaure. Ko uwargidansa ta yi masa sannu, sai ya bi ta da kallo yana tunanin wa ya aiko ta da sannun.

Da hayaƙi da shafe-shafe suka gaza, ƙaninsa ya ja shi asibiti, wajen masu gashin ƙashi. Ma'aikacin da suka tarar mutum ne mai sanyin magana. Ya sa shi ya tuɓe riga, ya yi masa bayani cewa tsoka idan ta gaji takan ƙulle a wuri guda, ƙullin yana nan amma kukan a can ake jin sa, kuma ba ya saki sai an same shi an danne shi da haƙuri.

"Baba, zan bi da yatsa. Duk inda na taɓa ka ji ya amsa maka har ido, ka faɗa mini."

Makaɗi bai ji magani a maganar nan ba. Abin da ya ji shi ne ana neman lagonsa, kuma shi ake so ya nuna da bakinsa. Ya ƙara kasa kunne, sai ya ji harshen ma'aikacin yana lanƙwasa irin na mutanen ƙauyen su abokin hamayyarsa. Shi ke nan. Babban yatsan ma'aikacin ya taso daga allon kafaɗar hagu, ya hau, ya hau, ya sauka kan wani ƙulli kamar ƙwayar gurjiya daidai inda igiya ke zama. Wuta ta tashi ta bi bayan kunne ta fito ta ido. Makaɗi ya haɗiye ihu, ya yi murmushi. A ransa yana cewa: dubi yadda ya zo kansa kai tsaye ba wanda ya nuna masa, ai wanda ya binne abu shi ya san inda ya binne. A fili kuwa ya ce wannan kanta ce kawai da ratayar kalangu ta bar masa, tun yana saurayi take nan, kada a sake taɓa masa ita. Da yatsa ya koma kafaɗar dama, wadda ko sauro bai cije ta ba, sai ya saki nishi har da salati. Ma'aikaci ya dube shi, ya sake tambaya, makaɗi ya rantse nan ciwon yake. To, mai jiki ya hana, wa zai danne shi dole? Aka yi ta zuwa ana gasa lafiyayyar kafaɗa da tawul mai ɗumi, ana tausa ta, ana miƙar da ita, har ta yi laushi kamar tsokar ɗan maraƙi. Shi kuwa kullum ya fito yana dariya a ciki, ya yi wa maƙiya wayo.

Ranar biki fili ya cika, mahauta sun sha babbar riga. Ya rataya kalangu, igiya ta zauna kan gurjiyar nan. Ya ɗauko taken Sarkin Pawa, ya zo inda hammata za ta matse fata ta kira sunan mai gida, hannu ya ƙi. Kalangun da ke magana ya koma kamar ana bugun faifai, ƙwal ƙwal, ba gaba ba baya. Sarkin Pawa na kirari ta hagunsa, wuya ya hana shi waiwaye, sai aka ga kamar ya share shi ne. Ba wanda ya kore shi. Wata tsohuwa ce kawai ta ce a kira ɗayan makaɗin, tsohon almajirinsa, ya kama wa Baba, kuma tun daga ranar ɗayan ake kai wa goro.

Bayan an watse da kwanaki ya koma asibiti shi kaɗai, ya tuɓe riga tun ba a ce ba, ya kama yatsan ma'aikacin da hannunsa ya ɗora inda ya dace. Ihun da ya yi, masu jiran layi a waje sai da suka miƙe tsaye. Wuya ya saki, amma biki ya riga ya wuce.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.