Kanwa a Tafkin Barau

Tun da aka fara zuba wani sinadari mai rassa a ruwan gari aka hana kanwa. A dunƙule yake yawo, ruwa garau, amma da ya ji kanwa sai ya miƙe rassansa su sarƙe, ruwan ya daskare kamar kwantan tuwo.

Tabawa ba ta manta ba. Sarkin Ruwa Barau ne ya karkatar da bututun unguwarsu zuwa tafkin kifinsa, lambunta ya ƙone ƙurmus.

"Tabawa, lafiya?" in ji Barau, da ya gan ta a bakin tafkinsa.

"Ranka ya daɗe, kifin na zo gani. An ce sun ƙoshi."

Ta tsuguna bakin tafkin, ta kwance ƙullin kanwar da ke gefen zaninta, ta zuba a ruwan. Ba ta tashi ba sai da babbar tarwaɗarsa ta tsaya cak, baki buɗe.