Ƙarfe a Kwatangwalo

Da ta ji sallamar mahaifinta a tsakar gida, sai ta saki sandar da take dogarawa.

Tun da aka sa mata ƙarfe a kwatangwalo, likita ya hana ta ɗora wa ƙafar nauyi, ya hana ta tsuguno. Ta kiyaye. A kujera take salla, gyaɗarta ma maƙwabta suka cire mata.

Amma tsohon daga Tsanyawa ya taso, kuma ba ta taɓa gaishe shi a tsaye ba.

Ta durƙusa. Wani abu ya ce ƙas.

Ya dafa kanta. "Alhamdu lillahi, ashe kin warke. Tashi mana, 'yata."

Ƙafar ta ƙi. Sai ta shiga tambayarsa lafiyar mutanen gida, ɗaya bayan ɗaya.