Kati Ɗaya

Da asibiti suka bugo waya a kawo Hassana maza, Malam Nasidi ko takalmi bai daidaita ba.

Likita ya jera hotuna biyu. "Malam, hoton watan jiya ya nuna hanyar maɗaciyar 'yarka ta kumbura. Halitta ce, tana iya fashewa, sai tiyata. Amma na yau lafiya lau."

Malam Nasidi ya fara hamdala, sai ya tuna. Kati ɗaya, mai sunan Hassana, ya yankar wa tagwayensa tun suna jarirai. Watan jiya Usaina ce ta zo da ciwon ciki.

Da safen nan kuwa, a Ƙofar Gayan, shi da kansa ya sa ta a motar makarantar kwana.