Roba a Cikin Yashin Gyaɗa

Inna tana suyar gyaɗa da yashi a gidanmu na Gashuwa ranar da na yi mata ta'asa. Mazan unguwa suna ƙera kwalekwalen wasa da yankin jarka, sun ce wai mace ba ta iyawa. Su a wuta suke kara robar, ta yi baƙi ta ƙudundune. Ni kuwa na lura yashi ba ya ƙona gyaɗa. Da Inna ta tashi alwalar la'asar, na binne tawa robar a kaskon.

Ko sallar ba ta yi ba ta dawo, ta ɗauki sakaina tana juyawa. Gyaɗar kasuwa ce, tiya biyu, in roba ta narke a ciki ko akuya ba za ta ci ba. Ina tsaye ina kallon kaskon.

Ta ɗaga hanci. "Wa ke ƙona silifa a gidan nan?"

Sakaina ta tono robar, ta yi laushi kamar ganda.

"Mene ne wannan, don ubanki?"

"Jirgi ne, Inna."

"To kama da bakin zane ki lanƙwasa a kan muciya, sakarya! Roba ce ke hucewa, dukanki ba zai huce ba."

Na lanƙwasa, ta kwara wa jirgin ruwan buta, ya tsaya da hanci sama. Gyaɗa ta tsira. Duka kuwa na sha, jirgina a hammata, ban sake shi ba.

Har yau in na ji warin roba, bayana ke fara tunawa, sannan in yi wa Inna addu'a.